Gyaran tsohon gidan ƙasa a cikin birni: inda maginan gargajiya suka ƙware da inda suke sakaci

Duk mai gidan gado a cikin ganuwar Kano, ko a Yakasai yake ko Zage ko Alfindiki ko Madabo, da zarar damina ta ɗauke sai shawara biyu su tsaya masa: ya kira birkila a rushe a sa bulo, ko ya nemo maginin ƙasa a gyara abin da iyaye suka bari. Wannan sharhi a kan na biyun yake, wato aikin da gwani da yaransa suke yi idan an ba su tsohon gida irin na lungu, wanda yake manne da na maƙwabta dama da hagu. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, a kan rufi da baka (lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi) da yaɓe babu wanda zai kama ƙafarsu, kuma sun ci ladansu. A kan hanyar ruwa, da katangar tsakani, da rubuta abin da aka yi ciniki, nan fa sai mai gida ya tsaya da ƙafarsa, don in ya sakar musu zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Abin da ya sa gidan lungu ya bambanta da gidan da ke tsaye shi kaɗai a fili shi ne katangarsa ba tasa ba ce shi ɗaya. Bango guda ne yake ɗauke da azarar ɗakinka ta wannan gefe, yana ɗauke da ta maƙwabcinka ta wancan. Jerin gidaje biyar ko shida sukan jingina da juna, kowanne yana tokare na kusa da shi, yana kuma kare masa rana da feshin ruwa. A Ingila ma akwai gidaje masu wannan tsari, jerin gidajen da aka gina bango ɗaya, kuma da yawansu an sa su a rajistar gine-ginen tarihi. Shahararre a cikinsu shi ne Royal Crescent na garin Bath, gidaje 30 a jere kamar jinjirin wata, wanda John Wood ƙarami ya tsara aka gina tsakanin 1767 da 1774. A ƙarƙashin dokarsu ta 1990, gidan da ke cikin rajista ba a sauya masa taga ko a fasa masa bango ta yadda zai taɓa kamanninsa na asali sai da izinin hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da kotu take hukuntawa. Mu a nan Gidan Makama da ganuwa suna cikin abubuwan tarihi na ƙasa da hukumar gidajen tarihi take kula da su, amma gidan mutum na lungu babu takardar da ta tsare shi. Abin da ya rage masa shi ne hankalin mai shi da amanar magininsa.

Duba gida kafin a yi ciniki shi ne wurin da ake fara gane gwani. Na ƙwarai ba ya faɗin kuɗi daga tsakar gida. Zai hau soro ba takalmi yana takawa a hankali, yana jin inda rufin ya yi laushi ko ya lotsa. Zai shiga ɗaki ya soka tsinin wuƙa a kan azara daidai inda ta shige cikin bango, domin nan take fara ruɓewa, tsakiyarta kuwa tana nan garau tana yaudarar ido. Zai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa: inda ya amsa a toshe lafiya lau, inda ya yi amon ganga yaɓen ya rabu da jikin gini. A wannan mataki maginan cikin birni sun cancanci yabo. Gibin da suke bari shi ne ba kasafai suke neman izinin shiga gidan maƙwabci su ga bayan katangar ba. Sau da yawa ciwon daga can yake: makewayi da aka jingina da bangon, ko famfo mai ɗiga, ko ramin sokawe da aka haƙa dab da harsashi. Ka nemi a duba can ɗin tun ranar farko, ko da sai an haɗa da mai unguwa.

Sai ƙasar gini. Ba kowace jar ƙasa ake gini da ita ba. Wadda laka ta yi wa yawa tana tsagewa in ta bushe, wadda yashi ya yi wa yawa kuma tana marmashewa. Birji mai ɗan tsakuwa-tsakuwa shi ake so, a jiƙa shi, a cuɗa da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a bar shi ya kwana yana tsima, a sake jiƙawa a sake cuɗawa na wasu kwanaki kafin a taɓa shi. Tubalin da aka mulmula da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, yana son mako 2 a rana kafin ya hau gini. Matsalar yanzu ita ce kududdufan da ake haƙar ƙasa a cikin birni yawancinsu an cike an gine, saura kuma sun koma matattarar ruwan kwata da bola. Ƙasar tifa ake saye daga bayan gari, kuma direban tifa ba ruwansa da ingancinta. Gwanin kirki zai dunƙula ta a hannu da ɗan ruwa, ya mulmula ta kamar igiya ya ga tsawon da za ta kai kafin ta karye, ya kuma yi ɗan yaɓen gwaji a bango ya bari ya kwana biyu. Ayarin da ya karɓi jinga yana sauri kuwa, da safe za a sauke tifa, kafin azahar an fara yaɓe. Wannan yaɓe ba ya ganin damina biyu. Kuma kada a yarda a zubar da ƙasar tsohon bangon da aka sare, in dai ba ta gindi ba ce da gishiri ya ci. Ta riga ta tsima shekara da shekaru, in aka sake jiƙa ta aka ƙara mata ciyawa ta fi sabuwa.

Gindin katanga shi ne inda gidajen ƙasa suke mutuwa. Ruwan da ke faɗowa daga indararo yana fallatsa, danshin ƙasa yana hawa, gishiri yana fitowa fari-fari, sai bango ya zaizaye ta ƙasa ya bar nauyin sama a rataye. A shekarun nan an ƙara wata masifar: lungunan da aka zuba wa kankare ko aka shimfiɗa wa intalok sun ɗaga sama da daɓen gidajen, ruwa ya rasa inda zai nutse sai jikin bango. Gyaran da ya dace shi ne a sare ruɓaɓɓen wurin har a tarar da ƙasa mai ƙwari, amma gaɓa-gaɓa, kada faɗin kowace gaɓa ya wuce ƙafa 3, a tsallake ɗaya a yi ɗaya, sai waɗanda aka cike sun bushe a dawo kan waɗanda aka tsallake. A yayyafa ruwa a ramin, a jera busasshen tubali a ciki, a cusa kwaɓi a tsakani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ramin da ɗanyen kwaɓi dunƙule guda. In ya bushe sai ya tsuke ya janye daga tsohon ginin, ya zama ba ya ɗauke da komai, ado ne kawai. Daga nan sai dakali, mai ɗan gangare zuwa waje. Yawancin magina sun san wannan sarai, amma aiki ne mai cin lokaci da ba ya burge mai kallo, shi ya sa shi ake fara taƙaitawa in kuɗi ya yi ƙasa.

A rufi ne ake ganin dalilin kiran su gwanaye. Azara daga giginya take, kuma namijin giginya da ya tsufa shi ne mai azara baƙa mai nauyi, wadda farce ba ya shiga, gara ma ba ta cika kusantarta ba. Wadda aka tsago daga tsakiyar itacen fara ce, sakayau, tana ɗaukar danshi. A tsaya a zaɓa ɗaya-ɗaya, kada a karɓi ɗauri a rufe. Azara mai ɗauke da rufin ƙasa ba a ba ta gibin da ya wuce kamar ƙafa 6. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai a fito da tauyi, wato azarar da ke miƙowa ta tallafi rufi, daga jikin bango ko a gitta azara a kusurwoyi a rage gibin, in kuma babban zaure ne sai ginshiƙi ko baka. Baka ba da katakon tallafi ake yin ta ba. Ana dasa azara a bango tana karkata ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da kwaɓi, a bari ya bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara miƙewa, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Inda bakuna suka gitta juna shi ne ɗaurin guga, irin wanda mai ziyara zai ɗaga kai ya gani a ɗakunan Gidan Makama. Masu iya gyara wannan ba tare da sun sauke shi duka ba sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma mafi yawansu dattawa ne. In gidanka yana da ɗaurin guga, ka tambaya ƙarara wa zai hau da hannunsa, gwanin ne ko yaro. Ka kuma nemi a nuna maka wani da ya gyara wanda ya ci damina aƙalla uku.

Akwai wani abu da magina da masu gida suka haɗu suka yi wa rufin soro illa da shi, wato ƙarin ƙasa duk shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba. Lissafin a fili yake. Ɗaki mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, in aka tara masa ƙarin ƙasa mai kaurin santimita 10, an ɗora masa abin da ya haura tan ɗaya da rabi, kuma in ta sha ruwa ta fi haka. Azara sai ta lanƙwasa, tsakiyar rufin ta zama kwari, ruwa ya kwanta, a sake zuba ƙasa don cike kwarin, nauyi ya ƙaru. Gyaran gaskiya shi ne a kwashe ƙasar har a ga zana ko asabarin da ke kan azara, a canja abin da ya ruɓe, a mayar da ƙasa hawa-hawa ana daddaɓewa, a fitar da gangare sosai zuwa bakin indararo. Indararon kansa ya fito daga bango aƙalla ƙafa 2, a kuma liƙe wuyansa da kyau, don yoyon da ake ɗora wa rufi sau da yawa daga wuyan indararo yake shiga cikin rawanin ginin, wato ɗan bangon da ya kewaye saman rufin. Batun shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙasar sama kuwa, wanda ya zama yayi, ba mu goyi bayansa ba sai da sharaɗi: gefunan su hau juna da ƙafa guda, a naɗe ta ta hau jikin rawani, ta kuma zube a cikin indararo. In ba haka ba, huda ɗaya ta isa ta tara ruwan rufin gaba ɗaya a kan azara guda, ledar kuma ta hana wurin bushewa.

Yaɓen waje na asali iri biyu ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a daka a jiƙa, ruwan ya yi ja-ja ya yi kauri, a kwaɓa ƙasa da shi. Tana sa bango ya yi duhu ya yi santsi, ruwa yana zamewa. Tana son sabuntawa kamar duk shekara 2, bangon gabas ma da hadari yake duka yakan nemi fiye da haka. Laso ya fi ta ƙarko nesa ba kusa ba: katsi ne na gindin rijiyar marina, a busar a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara mai yauƙi. Shi ake so a rufi da kan zanko da rawani. Sai dai marinar da ke aiki ta ragu, ko a Ƙofar Mata rijiyoyi da yawa a bushe suke, don haka katsi ya yi wuya. In magini ya ce zai yi maka laso, ka ce ya kawo kayan haɗin ka gani kafin a kwaɓa. Toka da ɗan siminti da baƙin mai ba laso ba ne, ko da launin ya yi kama. Kowanne aka zaɓa, a yi shi siriri, hawa biyu ko uku, kada kaurin hawa ɗaya ya wuce na yatsa, kuma a guji tsakar rana lokacin hunturu, don iskar tana busar da fuskar yaɓen kafin cikinsa, sai ya yi tsaga kamar gindin tafki a bazara.

Babban abin da muke zargin maginan nan da shi shi ne saurin sallamawa idan mai gida ya ce siminti yake so. Za ka ji gwani ya ce, "Alhaji, ƙasa ba ta shiri da siminti," Alhaji ya ce shi dai ya gaji da yaɓe duk shekara, shi ke nan sai a kawo ƙusoshi a kakkafa a bango, wani lokaci da ragar waya, a watsa filasta. Shekarar farko gida ya yi kyau. Amma ƙasa tana kumbura tana tsukewa da danshi, siminti kuwa a sandare yake, dole ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, danshin ƙasa ya taso ta gindi, duka biyun su rasa mafita. Bango yana narkewa a ɓoye, fuskarsa tana nan sumul, har ranar da ruwan Agusta zai kwana yana zuba ya sulale gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa in ya lalace kana gani da idonka, na siminti ba ya gargaɗi. Masu kula da tsofaffin gidajen Ingila sun sha irin wannan da jan bulonsu: inda aka cire kwaɓin farar ƙasa mai numfashi aka cusa siminti, danshi ya koma fita ta jikin bulon har fuskarsa ta ɓarɓashe, shi ya sa jami'an da ke ba da izini a can suke nacewa a koma wa farar ƙasa. In dole sai an sa siminti, a tsaya a dakali da bakin kwata da daɓen makewayi. Makewayin ma gara a gina shi da bulo daban, a bar tazara tsakaninsa da bangon ƙasa. Bututun ruwa kada ya bi cikin bango ko kaɗan, wayar lantarki ta bi ta cikin roba a saman yaɓe ba tare da an sassaƙe gini ba, ruwan na'urar sanyaya ɗaki kuma a ja shi da tiyo har kwata.

Yanzu katangar tsakani. Abin da ya fi kashe jerin gidajen lungu a yau shi ne mutum ɗaya a tsakiya ya rushe nasa ya sa bulo. Bangon da bai taɓa ganin ruwa ba tun da aka gina shi sai ya wayi gari a tsirara. An zare azarar da take tokare shi, an bar ramukanta a buɗe. An haƙa harsashin bulo dab da gindinsa, ya fi nasa zurfi. In aka gama kuma, kwanon sabon gidan ya juyo da ruwansa cikin ɗan tsukin da ya rage a tsakani, inda hannu ba ya shiga balle a yi yaɓe. A Ingila da Wales dokar bangon tsakani ta 1996 ta wajabta a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata 2 kafin a taɓa bangon, wata 1 kuma kafin a yi haƙa a cikin tazarar mita 3 in haƙar za ta zarce zurfin harsashinsa. Mu ma ba mu rasa madogara ba. Hadisin da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa sananne ne, haka ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, kuma da su malamai da masu unguwa suke sasanta irin wannan rigima. Abin da babu shi ne al'adar yin maganar kafin a ɗaga diga. Magina ba sa tayar da ita, suna ganin ba huruminsu ba ne. Mai gida shi zai zauna da maƙwabci gaban shaidu a rubuta: wa ke da bangon ko na tarayya ne, wa zai toshe ramukan azara, wa zai yi yaɓen fuskar da aka tone kafin ruwa ya sauka, ina ruwan kowane rufi zai zuba. Tsukin da ke tsakanin tsohon bango da sabo kuma a rufe samansa da kwano mai gangare, kada a cika shi da ɓaraguzai.

Ta fuskar ciniki, jinga da aikin yini kowanne da inda ya dace. Yaɓe da dakali da sauke ƙasar rufi ana iya auna su, a ba da su jinga. Gyaran gindin katanga da baka kuwa a biya da yini, saboda sai an buɗe ake sanin girman ɓarnar, kuma mai jinga in ya tarar da abin da ya fi lissafinsa rufewa zai yi ya wuce. Kayan aiki mai gida ya saya da kansa tare da gwanin, musamman azara da makuba. Rasit ko rubutaccen ƙiyasi ba al'adarsu ba ce, kuma wasu dattawan sukan ji kamar an tuhume su in aka kawo takarda. A lallaba, a ce, "Baba, don magada ne, kada a manta abin da aka yi." Kafin alƙalami kada ya wuce na sayen kaya da ladan makon farko, a kuma riƙe wani kaso sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu an hau soro an duba. Wani abin haƙuri shi ne rashin tsayawa a aiki ɗaya: da yake ƙasa tana son a jira ta bushe, gwani yakan haɗa gida uku a lokaci guda, kuma kwana biyun da ya ce yakan zama mako.

Wanda yake son gida ya gama da shi sau ɗaya ya manta, ko wanda zai zuba 'yan haya ba mai hawa soro ya share indararo, wannan aiki ba nasa ba ne. Haka gidan da lungunsa ya riga ya ɗaga sama da daɓensa da fiye da ƙafa guda, sai an fara warware hanyar ruwa tukuna, in ba haka ba asarar kuɗi ce. Wanda kuwa yake da zaure mai baka, da bango mai kaurin da ke riƙe sanyi a zafin Afrilu ba tare da ya jira wuta ba, kuma maƙwabtansa na dama da hagu ba su rushe nasu ba, ya nemi gwani tun watan Oktoba. A sauke ƙasa a buga tubali a Nuwamba, a yi gindi da bango cikin hunturu, a gama rufi da laso kafin ƙarshen Afrilu, domin yaɓen da ruwan farko ya tarar bai bushe ba sai an sake shi.